Masu Haɗa wa Ƙaramin Jirgi Mai

Duk mai ƙaramin janareta a garin Jabo na jihar Sakkwato, irin wanda masu cajin waya da masu aski ke kunnawa a bakin kasuwa, ya san ba a zuba masa fetur zalla. Sai an auna baƙin mai an tsiyaya a ciki an girgiza. In man ya yi kaɗan, injin ya ɗau zafi, fistin ya kama. In ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe rumfa, fulogi ya toshe. Wanda ya iya wannan awo ya riga ya taka matakin farko na wata gwaninta da ta kai maƙura a hannun masu ƙera ƙananan jiragen sama na wasa da na gasa, galibinsu a Turai, waɗanda ke haɗa wa injinansu mai da hannunsu. Su auna, su gwada, su sake aunawa, wasunsu tun suna 'yan makaranta har furfura ta cika musu kai. Ina ganin girman mutanen nan ƙwarai, kuma ina so in nuna dalili.

Injin ɗan mitsitsi ne, ana iya rufe shi a tafin hannu. Cikin silindar mafi yawansu bai wuce cc 1 zuwa cc 2.5 ba, alhali babur ɗin da 'yan kabu-kabu ke hawa tsakanin Jabo da Dogon Daji cc 100 ne. Duk da haka yakan juya farfela sau dubu goma ko fiye a minti guda, ya ɗaga jirgin da aka ƙera da katako marar nauyi ya lula da shi sama. Ba shi da fulogi, ba shi da batir, ba waya ko ɗaya a jikinsa. Daga matsi wutarsa ke fitowa. Wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya ji yadda gindin famfo ke ɗumi a hannunsa ya san asalin abin: iska in an matsa ta da sauri, zafi take yi. A cikin wannan injin, fistin yana matse iska da tururin mai har su koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 20 na girmansu, zafin ya kai inda man zai kama da kansa. Abin da ya haɗa shi da babban injin dizal na niƙa ko na tirela ke nan, shi ya sa shi ma ake kiransa dizal, amma akwai inda suka rabu. Babban injin iska zalla yake matsewa, sannan nozul ya fesa man gas daidai lokacin da ake so wuta ta tashi. Ƙaramin ba shi da nozul. Mai da iska tare suke shiga ta kafireta, su ratsa ta ƙasan injin, su hau saman fistin. To wa zai gaya wa wutar lokacin tashi?

A saman silinda, maimakon kafaffen marfi, akwai wani fistin na biyu da aka cusa da ƙyar, wanda ba ya motsi sai an motsa shi. Bisa kansa akwai noti mai ɗan hannu. In ka ɗaure notin, fistin na biyu ya sauko, wurin da man zai matsu ya ragu, wuta ta tashi da wuri. In ka sassauta, ƙarfin fashewar ya tura shi sama, wutar ta jinkirta. Ban da wannan noti sai allurar mai a jikin kafireta, mai rage ko ƙara abin da ke shiga. Iyakar ikon mai injin ke nan. Duk sauran aikin yana cikin kwalba. Man da ke cikinta shi ne fulogi, shi ne abincin injin, shi ne baƙin mai, kuma yana taya kwashe zafi, tunda babu lagireto. Ruwa uku ake haɗawa su ɗauki waɗannan ayyuka, kuma kowannensu in ya ƙaru sai ya ci wurin ɗan'uwansa.

Na farko shi ne eta, wani ruwa garai-garai mai kaifin wari, wanda likitoci suka daɗe suna sumar da marar lafiya da shi kafin tiyata, tun daga 16 ga Oktoba 1846 da William Morton ya nuna amfaninsa a wani asibiti a Boston ta Amurka. Yana tafasa a digiri 35 kacal, saboda haka ko injin na da sanyi ƙalau, da ya shiga sai ya zama tururi. Yana kuma kamawa da kansa a wajen digiri 160, ƙasa da kananzir, ƙasa da fetur nesa ba kusa ba, kuma ko ya yi yawa a cikin iska ko ya yi kaɗan ba ya ƙin kamawa. Shi ke fara ci, ya kunna sauran. Sai dai ƙarfinsa bai kai na kananzir ba, ga tsada. Wanda ya cika eta zai ta da injinsa da bugu ɗaya, amma tankinsa zai ƙare da wuri.

Na biyu kananzir, wanda kowa ya sani a fitila da risho. Shi ne mai ƙarfin. Kada a raina shi: manyan jiragen da ke sauka a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a Sakkwato tataccen kananzir suke sha. Fetur bai dace a nan ba, domin da gangan matatu ke sarrafa shi ya jure matsi, ya ƙi kamawa har sai fulogi ya ba shi tartsatsi. Halin da ya sa ya yi kyau a babur shi ne ya hana shi aiki a wannan injin.

Na uku ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a bayan garinmu yake fitowa ba wanda ya shuka shi. Man zurma ne, wadda wasu ke kira cika-gida, mai faffaɗan ganye da 'ya'ya masu ƙaya, da ke tsirowa kan juji da bakin fadama. Fistin ɗin waɗannan injina ba shi da ringi. Goge shi ake yi a hankali har ya dace da silindarsa, ita kuma silindar tana ɗan tsukewa ta sama, ta yadda fistin zai ɗan ciza idan ya kai ƙoli. 'Yar kafar da ta rage, mai ne ke toshe ta. In man ya yi ruwa-ruwa, matsi ya zurare, injin ya ƙi tashi. Ga kuma sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, wadda ke shan duka fiye da ta injin fetur mai girmanta, saboda yawan matsi. Man zurma ya fi sauran man tsirrai kauri, yana manne wa ƙarfe, kuma yana da wani hali da makanikai ke so: idan zafi ya yi tsanani, inda baƙin mai na kanti zai tsinke ya ƙone, shi ƙara kauri yake yi, ya bar wani danƙo a jikin ƙarfen da zai hana shi cin ɗan'uwansa. Jiragen yaƙin duniya na farko ma, na 1914 zuwa 1918, masu injin Gnome da Le Rhône, da man zurma suka yi aiki. Danƙon nan dai yana da nasa laifin. In aka ajiye injin wata da watanni ba a wanke ba, sai ya daskare ya riƙe fistin gam.

Akwai kuma wani sirri tsakanin ruwan nan uku wanda duk mai gwaji sai ya ci karo da shi. Man zurma ba ya haɗuwa da kananzir. Zuba su a kwalba ka girgiza, su yi fari-fari, ka ajiye, su rabu, zurma a ƙasa, kananzir a sama. Dalili kuwa, kusan kashi 90 cikin ɗari na man zurma wani nau'in kitse ne da ya fi jituwa da dangin barasa. Eta ne ke shiga tsakani ya riƙe su biyun a wuri guda. Ashe ke nan eta aiki biyu yake yi, kuma wanda ya rage shi don tsimi zai tarar ya taɓa abin da bai yi niyyar taɓawa ba: haɗin ya yi gajimare, ya rabu a cikin tanki, injin ya sha kananzir zalla na ɗan lokaci, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Tsohon haɗin da ake koya wa ɗan koyo shi ne kashi uku daidai wa daida. Da shi ake fara horar da sabon injin, kuma da wuya ya cuci kowa. In hannu ya faɗa, sai a soma ragewa da ƙarawa: kananzir ya haura 40 cikin ɗari, eta ya tsaya wajen 30 zuwa 33, man zurma ya sauko 20 zuwa 25. Injin da karanshaf ɗinsa ke gudu a kan boris yana jure ƙarancin mai fiye da wanda ke gudu a kan tagulla. Sannan a ɗiga wani sinadari na dangin naitiret, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wanda ke gaggauta kamawar wuta, ya sa a iya sassauta noti, injin ya yi gudu sumul. In aka zarce da shi, injin yana ɗumi wutar na ƙara tashi da wuri, mai shi ya yi ta sassauta noti bai gama ba.

Tarihin abin gajere ne. A shekarun 1930 ƙananan jirage da injin fetur suke tashi, mai fulogi da kwayil da batir, kayan da nauyinsu ke kusan rinjayar jirgin. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka fito da injin Dyno mai cc 2 a Suwizalan, wanda ya yar da duk wannan kaya. Bayan yaƙi Ingila ta karɓe shi hannu biyu-biyu: injin Mills 1.3 ya fito a 1946, daga baya injin Oliver Tiger ya mamaye gasa, kamfanin PAW na iyalan Eifflaender a garin Macclesfield kuma ya shafe shekaru da dama yana ƙera irin waɗannan injina. Amurka ta bi wata hanya bayan Ray Arden ya fito da fulogi mai jan garwashi a 1947, wanda ke aiki da metanol. Yau kuwa batir da motar lantarki sun kwashe mafi yawan masu wasan. Waɗanda suka rage a kan dizal, son abin ne ya riƙe su.

Haɗa mai a kwalba rabin aiki ne. Sauran rabin yana kunne. Mai injin zai toshe bakin kafireta da yatsa ya juya farfela sau biyu ko uku don man ya hau, sannan ya buga ta da yatsa, bugu mai kaifi. In man ya yi yawa a saman fistin, farfelar za ta cije, kuma wanda ya tilasta ta zai lanƙwasa sandar fistin, domin ruwa ba ya matsuwa. Shi ya sa gwanaye ba sa yarda a sa wa ƙaramin dizal sitata ta lantarki. Yatsa yana jin cijewar ya tsaya, sitata ba ta ji. Da injin ya kama, sai a saurara. In matsi ya yi kaɗan, yana gudu yana tari, wata fashewar ta zo wata ta ƙi. In matsi ya yi yawa, da farko zai yi daɗin ji, amma yana ɗumi sai muryarsa ta yi nauyi, gudunsa ya riƙa raguwa, kamar mai jan kaya a hawa. Abin da ke rikita ɗan koyo shi ne ƙarancin mai ma tari yake sa shi, kusan iri ɗaya da na ƙarancin matsi. Sai ya ɗaure noti, alhali allura ya kamata ya buɗe, injin ya ƙara zafi, ya ƙara ɗaurewa. Gwani yana rarrabe tarin biyu. In yana shakka, ya tara farar takarda a ƙofar hayaƙi ya duba man da ya fantsamo. In launin zuma ne, lafiya lau. In ya yi baƙi, matsi ya wuce kima, man na ƙonewa. In ya ga toka-toka mai ƙyalli, ƙarfe ne ke ci, sai ya kashe nan take.

Saitin kuma ba ya zama wuri guda. Injin mai sanyi yana son matsi fiye da mai zafi, don haka ana tayar da shi a ɗaure, a sassauta bayan ya ɗumama. Babbar farfela tana rage gudu, ta ba wutar lokaci, sai a rage matsi. Ƙarama tana son a ƙara. A sama kuma iska na sanyaya kan injin, farfela ta sami sauƙi, saitin da ya yi daidai a ƙasa ya zama wani abu dabam. Dole mai shi ya saita injin don yanayin da bai riga ya shiga ba. Wannan kunne ba baƙo ba ne a wurinmu. Je ka garejin masu gyaran injin ban-ruwa lokacin noman rani, ka ga maigida yana zaune nesa, bai ko ɗaga kai ba, ya ce wa yaronsa, "Kai, rage mishi mai, ya shaƙe." Kunnen ɗaya ne, girman injin ne ya bambanta.

To me ya sa mutum zai bar haɗin da aka tabbatar yana aiki, ya shiga neman wani? Eta ne sanadi. Asibitoci sun daina amfani da shi a yawancin ƙasashe, kantunan magani suka daina ajiye shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi ta sa shi cikin sinadaran da ake sa wa ido, saboda masu sarrafa ƙwaya na amfani da shi. Sayensa ya zama sai da takarda, jigilarsa ta yi tsada saboda hatsarin gobara. Wasu suka koma ga gwangwanin feshin da ake tayar da manyan injinan dizal da shi lokacin sanyi, wanda akwai eta a ciki, amma yawansa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ga wasu sinadaran da aka gauraya. Wasu kuwa suka ɗauki tambayar daga tushe: nawa ne mafi ƙarancin eta da injin zai yarda da shi, kuma me zai iya maye gurbinsa?

A nan ne ake gane mai gwaji na gaske. Ba ya canza abu biyu a lokaci guda. Injin ɗaya, farfela ɗaya, tanki ɗaya da aka auna da sirinji. Ya fara da haɗin da ya sani, ya rubuta gudun farfela da na'urar ƙirga juyi, ya rubuta daƙiƙoƙin da cc 10 suka ɗauka kafin su ƙare, ya rubuta inda hannun noti ya tsaya. Sannan ya rage eta da kashi 5, ya cike gurbin da kananzir, ya sake. Abin da masu wannan gwaji suka yi ta gani shi ne, injin da ya riga ya yi zafi yana iya ci gaba da gudu da eta kaɗan, wani ma ba eta sam, muddin an ƙara matsi. Tayarwa ce ke gagara. Sai suka koyi ɗiga haɗi mai eta a ƙofar hayaƙi don tayarwa kawai, ko su ɗumama kan silinda tukuna. Sun kuma ga cewa injin mai ɗan girma ya fi ƙarami haƙuri, domin ƙaramin silinda yana zubar da zafinsa da sauri. Amma ba a samun komai a banza. Matsin da aka ƙara yana sauka ne a kan sandar fistin da ƙusar karanshaf. Mai gaskiya a cikinsu, bayan awa da awanni na gudu, yakan kwance injin ya duba waɗannan wurare, ya faɗi abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba. Wannan ne ya fi burge ni a cikin sana'ar. Injin ya tashi ya yi ƙara na minti biyu ba hujja ba ce. Hujja tana jikin ƙarfe bayan an buɗe.

Cewa ana iya yi ba eta, an daɗe da sani. Wajen 1950 kamfanin Lohmann a Jamus ya ƙera injin cc 18 da ake ɗaura wa keke, mai aiki da matsi, ana ƙara matsin ko rage shi daga hannun keken, kuma yana shan kananzir da mai. Sai dai mahayin ne ke tayar da shi da ƙarfin ƙafarsa, abin da yatsa a kan farfela ba zai iya ba.

Mutane da yawa sukan tambaya, tunda dizal ne, me zai hana a zuba masa man gas na gidan mai? An gwada. Man gas ya fi kananzir nauyi, ba ya zama tururi da sauƙi. A babban injin nozul ke farfasa shi ya zama ƙura da ƙarfin famfo; a ƙaramin kuwa ɗigo-ɗigo yake wucewa, wani ya ƙone rabi, wani ya fita ɗanye, ya bar baƙin kunkunniya da ƙauri. Man gyaɗa ma an waiwaye shi, kuma yana da tarihi: a baje kolin duniya na Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke hangen ƙasashen Afirka da ta mamaye inda gyaɗa ke da yawa. Rudolf Diesel da kansa ya ba da labarin daga baya. A ƙaramin injin, man gyaɗa ba zai maye kananzir ba, ya yi kauri da yawa. Inda ake gwada shi shi ne gurbin man zurma, kuma yana da fifiko ɗaya babba: yana haɗuwa da kananzir ba sai eta ya shiga tsakani ba. Rauninsa, bai kai zurma riƙe ƙarfe a zafi ba, dole a ƙara yawansa. Manja yana daskarewa da sanyi. Man waken suya yana yin danƙo da wuri. Akwai kuma man tsirrai da aka sarrafa da metanol da soda, aka cire masa kaurinsa, irin wanda ake yi da bini-da-zugu; yana kamawa da kyau, yana da santsi, amma shi ma ba ya tururi kamar kananzir, don haka ɗan kaso ake sawa.

Wanda ke son ganin iyakar wannan gwaninta ya dubi tseren da hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ke kira F2C. Jirage uku ne ke tashi tare a da'ira ɗaya, kowanne a ɗaure da siraran wayoyi biyu masu tsawon kusan mita 16, matuƙa uku na tsakiya suna juyawa kafaɗa da kafaɗa. Zagaye 100 ake yi, kilomita 10 ke nan, a zagayen ƙarshe kuma 200. Doka ta ce injin kada ya wuce cc 2.5, tanki kada ya wuce cc 7, wato bai kai cokalin shayi ɗaya da rabi ba. Da wannan ɗan mai jirgin zai yi zagaye talatin da 'yan kai, yana gudun kusan kilomita 200 a awa. In ya ƙare, matuƙi ya sauko da shi, makanikensa da ke bakin da'ira ya cafke fiffiken da hannu, ya ɗura mai, ya buga farfela, ya sake shi, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ana gama kilomita goman cikin minti uku da ɗoriya. Dizal ne ya mallaki wannan tsere domin kananzir ya ninka metanol ƙarfi in aka auna su da nauyi. A nan kowane kaso yana da farashi. Ka rage man zurma ka ƙara kananzir, ka sami ƙarin zagaye, ka kusanci kamawar fistin. Ka rage eta, ka sami nisa, amma injin mai zafi ya ƙi tashi a bugu na farko, abokan hamayya su wuce ka. Kowace ƙungiya da nata haɗin, kuma takan gyara shi gwargwadon zafin ranar.

Zafin ranar nan shi ne babbar magana ga duk ɗan ƙasar Tambuwal ko Kebbe da zai ɗauki wannan sana'a. Haɗin da aka rubuta a Ingila, don iskar Ingila aka rubuta shi. A nan, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, eta kuwa a 35 yake tafasa. Buɗe kwalba da azahar a bazara, kana tsaye yana guduwa, kuma haɗin da ka auna da safe ba shi ne a hannunka da la'asar ba. Injin zai fara wuyar tashi, ya nemi ƙarin matsi, man zurma ya soma rabuwa, mai shi ya yi ta zargin injin alhali kwalba ce ta canza. Saboda haka gwangwanin ƙarfe mai matsattsen marfi ake so, a bar masa sarari a sama, a ajiye shi a inuwa cikin jiƙaƙƙen yashi, a haɗa kaɗan-kaɗan, a yi awo da asuba. Roba ba ta riƙe eta. Siririn tiyon silikon da ake sa wa injin metanol kuma kumbura yake yi a kananzir. Ta wani gefen zafin namu taimako ne: iskar da ke shiga ta riga ta ɗumama, wuta na tashi da wuri, don haka akwai dalilin sa ran injin zai yarda da eta kaɗan a Jabo fiye da a Macclesfield. Da hunturu kuwa lissafin ya sake, asuba da sanyi, rana da zafi, ga ƙurar da ke manne wa mai ta shiga tsakanin fistin da silindar da ba su da ringi. Zafi da ƙura dai ba su hana Indiya ba. Kamfanin Aurora a Kalkata ya ci gaba da ƙera injin Mills bayan an daina a Ingila, kamfanin Sharma kuma a Jodhpur yake ƙera nasa, garin da ke bakin hamada.

Wajibi ne in faɗi hatsarin a fili. Tururin eta ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da murhu ko risho a nesa, wutar ta biyo shi ta dawo kwalba. Ba a haɗa shi a ɗaki, ba a haɗa shi kusa da madafa, kuma wanda ya daɗe a ajiye yana shan iska da haske yakan haifar da wani sinadari mai fashewa. Kananzir na bakin hanya ma sai an yi hattara, domin an sha yin gobarar fitila a ƙasar nan saboda wanda aka gauraya da fetur. 'Ya'yan zurma kuwa guba ne. Gubar ba ta bin man, a cikin tunkuzar take zama, don haka kada a bar ta inda awaki ko yara za su kai.

Sha'awar tashi sama ba ta yi mana ƙaranci ba. Yaran da ke ƙera jirgi da karan dawa da gwangwani suna nan a kowace unguwa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, labarinsa ya zaga duniya. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki kan hasken rana da iskar gas ta kashin dabbobi da man tsirrai. Ɗan ƙaramin injin nan ya dace da irin wannan bincike, domin da kofin mai guda za a yi gwajin da babban injin zai sha jarka, kuma in ya lalace asarar kaɗan ce. Man zurmar da masu jirage ke saye a Turai galibi daga Indiya yake zuwa, daga jihar Gujarat, an tatse shi ba tare da wuta ba, an cire masa danƙo. Namu na gargajiya ana soya 'ya'yan ne a daka a tafasa a kwashe man a sama, don haka yakan zo da ruwa da gari da ɗan tsami mai cin ƙarfe. Aikin farko ga mai son gwada zurmar fadamar Kebbe shi ne ya tatse ta da matsi, ya bar man ya kwanta mako biyu ko uku, ya tace da takarda, ya haɗa kaɗan da eta da kananzir a kwalba mai haske, ya ajiye a sanyin asubar hunturu ya ga ko zai yi gajimare. In ya tsaya garau, sai a kai shi ga injin, a gudanar da shi awa guda a gefen na kanti, da farfela ɗaya da saiti ɗaya, sannan a kwance injinan biyu a dubi ƙusar karanshaf ɗin kowanne.